Tsohon Soja a Ƙasar Magarya da Dungas

A littafi irin wannan sunayen sarakai da manyan fada ne kan cika shafi, kuma hakan ya dace. Amma cikin shekaru ɗarin nan akwai wani talaka da rayuwarsa ta ratsa ta ƙofar fada, wato ɗan manomin da aka ɗauka soja a zamanin Faransawa.

Dokar 30 ga Yuli 1919 ita ce ta ɗora wa samarin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa aikin soja na shekara 3. Kumandan ke yanka adadin da kowace ƙasa za ta bayar, sarki kuwa shi ke da alhakin kawo samarin gaban likita, a auna su, a jefa ƙuri'a. Wannan kaya ya fi nauyi a wajenmu saboda iyaka tana kusa: saurayin da ya ji labarin ɗaukar soja, tafiyar dare ɗaya ta ishe shi ya kwana a ƙasar Daura ko ta Kano, hannun Ingilishi. In adadi bai cika ba sarki ke shan faɗa. Gaskiya kuwa ba ta ɓuya, wanda ba shi da mai tsaya masa shi ya fi faɗawa hannu.

Daga barikin Damagaram, yaron da bai taɓa ganin teku ba sai ga shi cikin jirgin ruwa da jar dara a ka. Waɗanda yaƙin 1940 ya rutsa da su, da yawa sun yi shekaru suna fursuna a hannun Jamusawa. Sojojin Afirka na cikin waɗanda suka sauka gaɓar kudancin Faransa a watan Agusta 1944, suka ƙwato Tulon da Marsai. A ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, aka buɗe wuta kan tsofaffin fursunonin da suka nemi haƙƙinsu. Na baya kuma aka kai su Indoshin da Aljeriya.

Wanda Allah ya maido gida ya dawo da lambar yabo da ɗan guntun Faransanci, yana iya kallon kumandan ido da ido. Wasu suka zama gardi ko masinja a bariki, mafi yawa suka koma gonar gero da gyaɗa. Mai fansho, duk wata 3 sai ya je ya karɓo, ranar nan gidansa ba masaka tsinke.

Sai dai dokar 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da suka samu mulkin kai. Abokin yaƙinsa Bafaranshe ana ta ƙara masa, shi kuwa nasa ya tsaya inda yake, tsadar hatsi na tafiya. Da wannan ɗan abin ya tari farin 1973, da yunwar 1984 lokacin da Najeriya ta rufe iyaka, da karyewar darajar sefa a Janairu 1994. Ga tsufa, ga ciwon ido, ga takardun da gara ta ci, ga ƴaƴa da jikoki masu zaton kuɗin Faransa ba ya ƙarewa.

Wani tsohon sarjan ɗan Senegal, Amadu Diop, shi ya kai ƙara, kuma a ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun da ke shari'a tsakanin gwamnatin Faransa da jama'a ta ce an nuna bambanci. Aka yi gyara guntu-guntu a 2002 da 2007, ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai Janairu 2011, shekarar da Dungas ta rabu da Magarya ta zama gunduma. Wanda aka ɗauka a 1940 yana ɗan shekara 20, a lokacin ya haura 90. Akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya, sai matansu ne suka rage suna neman wanda zai cika musu takarda.