Tarihin Ɗaura Tsofaffin Gilasan Kyamara a Kan Kyamarorin Dijital

Ɗaura tsohon gilashi a kan kyamarar dijital dabara ce ta masu ɗaukar hoto da masu shirya fim. Ana ɗauko gilashin da aka ƙera domin kyamarar fim, irin wanda da hannu ake murɗa shi har hoto ya fito tas, a haɗa shi da kyamarar zamani ta hanyar wani zoben ƙarfe da ake kira adafta. Gaban zoben yana karɓar gindin tsohon gilashin, bayansa kuma yana shiga bakin sabuwar kyamarar. Yawancin adaftoci ba su da waya ko gilashi a cikinsu. Aikinsu guda ne: su riƙe gilashin a daidai tazarar da maƙerinsa ya tsara masa tun farko.

Tarihin wannan dabara gaba ɗayansa ya rataya ne a kan wannan tazara. Kowane kamfani yana da awon da ya tsayar tsakanin bakin kyamara da wurin da fim yake shimfiɗe, wato inda sensa take a kyamarar dijital. Idan gilashi ya zauna a kan awonsa, zai iya kaifafa abu na kusa da na nesa har ƙarshen gani. Idan ya yi gaba ko da milimita ɗaya ne, abin da ke nesa ba zai taɓa fitowa da kyau ba. Saboda haka adafta marar gilashi tana yiwuwa ne kawai idan tazarar da gilashi yake bukata ta fi ta kyamarar tsawo, domin kaurin zoben ya cike giɓin. Hular da ta yi wa kai yawa ana iya yi mata ciko, wadda ta yi kaɗan kuwa ba ta da magani.

Zamanin fim

Kamfanin Leitz na Jamus ya fitar da kyamarar Leica a 1925, ƙirar Oskar Barnack, mai amfani da fim ɗin milimita 35. Daga 1930 aka fara yi mata gilasan da ake kwancewa a sauya, masu gindin zare irin na ƙusa mai murɗi. A 1954 kamfanin ya zo da Leica M3 mai sabon baki wanda ake sakawa a ɗan juya ya kulle. Tsohon bakin tazararsa milimita 28.8 ce, sabon kuma aka yi shi 27.8. Wannan milimita guda da aka rage ita ta ba da damar saka siririn zobe, don haka wanda ya mallaki gilasan shekarun 1930 bai yi asararsu ba. Wannan yana cikin misalan farko na kamfanin da ya yi wa tsofaffin abokan cinikinsa tanadi da gangan.

A 1949 aka fitar da kyamarar Contax S a Jamus ta Gabas da wani gindin zare mai faɗin milimita 42, wanda aka sani da M42. Praktica ta yi amfani da shi, Asahi Pentax ta Japan ta ɗauke shi a 1957, Zenit ta Tarayyar Sobiyet ma ta koma kansa daga baya. Ya zama baki na kowa da kowa, gilashin wannan kamfani yana hawa kyamarar wancan ba tare da wani ƙari ba. Da Pentax ta sauya zuwa bakin K a 1975, ta bar tazarar yadda take, milimita 45.46, ta kuma sayar da zoben da ke karɓar gilasan M42. Sauran manyan kamfanonin kowa ya kama gabansa: Minolta a 1958 da milimita 43.5, Nikon F a 1959 da 46.5, Canon FD a 1971 da 42, Olympus OM a 1972 da 46. Dalilin da ya sa duk waɗannan awon suka haura milimita arba'in shi ne madubin da ke cikin kyamarar, wanda yake tura hoto zuwa idon mai ɗauka, ya kuma ɗaga sama a lokacin da aka danna. Dole a bar masa filin motsi.

Kamfanin Tamron ya ga riba a wannan rarrabuwa. Tun 1957 ya fito da tsarin gilashi ɗaya mai gindin da ake sauyawa, daga baya ya inganta shi da sunan Adaptall a shekarun 1970. A fagen sinima kuwa, Stanley Kubrick ya sa an gyara wata kyamara domin ta karɓi gilashin Zeiss mai buɗewa har f/0.7, irin wanda aka ƙera wa hukumar NASA, ya ɗauki wasu sassan fim ɗin Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir.

Gilashin da ya fi kowane yawan fitowa a wannan tarihi shi ne Helios-44, mai tsawon milimita 58 da buɗewa f/2. An kwaikwayi ƙirarsa daga Biotar na kamfanin Zeiss, aka yi ta ƙera miliyoyinsa a masana'antun Sobiyet tun daga ƙarshen shekarun 1950 har cikin shekarun 1990, ana sayar da shi manne da kyamarar Zenit a farashi mai sauƙi. Idan aka buɗe shi gaba ɗaya aka ɗauki mutum a gaban bishiya mai ganye, hasken da ke ratsa ganyen yana fitowa a bayan mutumin yana juyawa kamar zobba. A wajen injiniyoyi wannan naƙasa ce, amma ita ce ta jawo masa farin jini bayan shekaru hamsin.

A Afirka ta Yamma, tsofaffin masu hoto irin su Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, da J. D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya, sun yi suna ne da hoton baƙi da fari wanda mai hoto yake wankewa a ɗakin duhu. A shekarun 1980 wuraren wankin hoto mai kala da inji suka yaɗu a birane, sana'ar ta sauya fuska. Duk wanda ya iya sayen ƙaramar kyamarar milimita 35 yana iya zagaya biki da suna da filin idi, ya tara fim, ya kai birni a wanke, ya dawo ya raba hotuna. Kyamarorin Yashica da Pentax da Minolta da Zenit suna cikin waɗanda suka cika hannun masu wannan yawo, kowace da gilashinta na milimita 50 ko kusa da haka. Shi Sidibé, da cinikin baƙi da fari ya ja baya, ya ƙara ba da ƙarfi ga gyaran kyamarori, kantocin shagonsa suka cika da su.

Yadda aka yi watsi da su

A 1985 Minolta ta fitar da kyamarar 7000 mai saita kaifin hoto da kanta, tare da sabon baki mai tazarar milimita 44.5. A 1987 Canon ta bi sahu da tsarin EOS da bakin EF mai milimita 44, wanda komai nasa da lantarki yake aiki. A duka biyun sabuwar tazarar ta fi tsohuwar tsawo, wato tsofaffin gilasan kamfanin ba za su hau sabbin kyamarorinsa su ga nesa ba sai an saka wani ƙarin gilashi a tsakiya, wanda yake rage kyan hoto. Masu gilasan FD da na tsohuwar Minolta suka wayi gari da kayan da sabon bakin ba ya karɓa. Nikon da Pentax sun riƙe bakinsu, shi ya sa gilasansu ba su faɗi warwas a kasuwa kamar na waɗancan ba.

Zuwan dijital ya ƙarasa abin. Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamarar dijital ta gwaji a 1975, Kodak ta sayar da DCS 100 a 1991 a jikin Nikon F3, Nikon D1 ta fito a 1999, sannan Canon 300D a 2003 ta sauko da farashi ƙasa da dala dubu. Cikin 'yan shekaru kyamarar fim ta koma ƙasan akwati. Kodak da kanta ta nemi kariyar kotu daga masu binta bashi a Janairun 2012.

Sai dai bakin EF na Canon, wanda ya kashe gilasan FD, shi ne ya fara raya na wasu. Faɗi gare shi, kuma milimita 44 ta gaza awon M42 da na Nikon da na Olympus. Zobe mai kaurin milimita ɗaya da rabi ya isa ya ɗora Helios ko Takumar na Pentax a kan Canon, na Nikon kuma milimita biyu da rabi. Masu kyamarar Nikon ba su samu wannan gata ba, domin tazararsu ta fi ta kusan kowa tsawo.

Shekarar 2008 da abin da ya biyo baya

Abubuwa biyu suka faru a 2008. Na farko, Nikon D90 da Canon 5D Mark II suka zo da ɗaukar bidiyo, masu ƙaramin jari suka samu hoto mai kama da na sinima. Mai ɗaukar bidiyo dama da hannu yake jan saiti, kuma zoben tsohon gilashi na ƙarfe, mai doguwar juyawa da santsi, ya fi na yawancin sabbin gilasan roba daɗin wannan aiki. Na biyu, Olympus da Panasonic suka sanar da tsarin Micro Four Thirds, Panasonic G1 ta fito ba tare da madubi ba, tazararta ta dawo milimita 19.25. Sony ta biyo baya a 2010 da bakin E mai milimita 18, Fujifilm a 2012 da 17.7, Nikon Z da Canon RF a 2018 da 16 da kuma 20. Da aka cire madubin, kusan duk gilashin da aka taɓa ƙera wa fim ɗin milimita 35 ya samu wurin zama, har da FD da Minolta da aka binne shekaru ashirin.

Waɗannan kyamarori sun kuma magance matsalar ido. Mai ɗauka yana iya faɗaɗa wani yanki na hoton a allo ya duba gashin ido, ko ya kunna alamar da ke shafa launi ja ko rawaya a gefen duk abin da ya yi kaifi. Saura matsalar girman sensa. Fim faɗinsa milimita 36 ne da 24, ƙaramar sensa kuwa tsakiyar hoton kawai take ɗauka, sai gilashin 50 ya nuna abin da na 75 ko 80 ko 100 zai nuna. A Janairun 2013 kamfanin Metabones ya fitar da Speed Booster, adafta mai gilashi da ke matse hoton zuwa kashi 71 cikin ɗari na girmansa, ta dawo da yawancin faɗin, ta kuma ƙara haske. A Oktoban shekarar Sony A7 ta zo da sensa mai girman fim a jiki marar madubi. A 2016 Techart ta yi adafta mai ɗan inji a ciki, wadda take tura gilashin gaba da baya, har gilashin da aka yi kafin a haifi mai ɗauka ya riƙa saita kansa.

Manyan masu shirya fim sun shiga layi domin gudun kaifin dijital da ke tona kowane ƙurji a fuska. Zack Snyder ya ɗauki Army of the Dead na 2021 da tsohon gilashin Canon na 50 mai buɗewa f/0.95, Greig Fraser kuma ya yi amfani da gilasan Sobiyet da aka sauya wa jiki a wasu sassan The Batman na 2022. Farashin gilasan da a da ake bayarwa kyauta tare da jakar kyamara ya tashi. Kamfanonin Sin irin su 7Artisans da TTArtisan suka fara ƙera sabbin gilasan murɗawa da hannu.

A ƙasar Hausa

Finafinan Hausa na bidiyo, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, sun taso ne a kan kyamarorin kaset waɗanda galibi gilashinsu a manne yake, don haka zaɓen gilashi bai zama batu ba sai da kyamarori masu sauya gilashi suka shiga masana'antar a shekarun 2010. Ga mai hoto na gari ma lokacin ya zo daidai da wani sauyi. Wayar hannu ta ƙwace hoton yau da kullum, abin da ya rage masa shi ne fasfo, da biki, da hoton kafin aure, da taro. Abin da mai biya yake nema shi ne fuska ta fito tas, baya ya narke. Tsohon gilashin 50 mai buɗewa f/1.8 ko f/1.4 yana yin wannan da gaske, a kuɗin da bai kai na sabo ba, kuma a wannan fanni ya cancanci duk yabon da ake masa.

Yanayin ƙasar Gumel, daga Maigatari da Sule Tankarkar zuwa Gagarawa, yana da fuska biyu ga irin wannan kaya. Babban makashin tsohon gilashi a ƙasashe masu laima shi ne hunhuna da ke yin saƙa a ciki ta cinye fentin gilashin, bushewar iskar arewa kuwa tana hana ta yaɗuwa in ban da damina. Amma zafi yana busar da man da ke cikin zaren murɗawa, ko ya narkar da shi ya gangaro kan ganyayen ƙofar haske su maƙale, ƙurar hunturu kuma tana shiga zaren ta riƙa ƙaras-ƙaras. Kyamara marar madubi sensarta a fili take da zarar an cire gilashi, saboda haka sauya gilashi a tsakiyar karar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, ƙura tana tashi daga ƙafafun shanu da raƙuma, hanya ce ta samun ɗigo a kowane hoto. Ranar wannan yanki ma tana da ƙarfi, kuma gilasan da aka yi kafin Pentax ta fito da fenti mai ninki da yawa a 1971 suna wanke hoto ya yi fari idan rana ta bugi gabansu, sai an yi musu rumfa.

Hawan salla shi ne inda dabarar take gamuwa da iyakarta. Doki a sukuwa ya fi hannu sauri. Tsofaffin masu hoto suna saita gilashi tun da wuri a kan wani wuri a ƙasa, su rufe ƙofar haske zuwa f/8, su jira mahayin ya iso wurin kafin su danna, kuma har yanzu wannan ita ce hanyar. Hoton taron dangi a ƙaramin ɗaki ma yana wahala da gilashin 50 a kan ƙaramar sensa, domin babu filin ja da baya.

Kafin a sayi gilashi na hannu, ana haska tocila ta bayansa a duba hazo da hunhuna, a juya zoben ƙofar haske a ga ko ganyayen suna rufewa da sauri, sannan a ɗora shi a adafta a saita kan abu mafi nisa, kamar hasumiyar masallaci ko turken waya, domin adafta mai araha tana iya yin kauri fiye da kima. Wasu gilasan Takumar na 50 f/1.4 na shekarun 1960 suna ɗauke da sinadarin toriyom, wanda yake sa su yi rawaya da tsufa. Ajiye su a hasken rana na wasu makonni, a lulluɓe jikin ƙarfen don kada mai ya narke, yana rage wannan launi.