Baƙin Akwati a Gefen Rumfa: Katako, Fenti da Lasifika a Ƙasar Kabi

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Birnin Kebbi ko Argungu ya san su. Baƙaƙen akwatuna ne da ake ɗora ɗaya kan ɗaya a gefen rumfa, wani lokaci har su fi mutum tsawo. Kunnen kowa yana kansu, amma ba mai kallon su. Da yawansu ba daga kamfani suka fito ba. Kafinta ne ya yanka katakon a zaure ko a inuwar dogonyaro, mai gyaran rediyo ya ɗaura sifika ya haɗa waya, sannan aka yi musu fenti a tsakar gida. Wannan aiki na ƙarshe shi aka fi rainawa, alhali shi ke yanke hukuncin ko akwatin zai ga damina biyu ko zai ga goma.

Kafin lasifika, ƙasar Kabi tana da nata hanyoyin kai sauti nesa. Akwai tambari da kakaki a fada, akwai kalangun mahauta, akwai mai shela da sanƙira waɗanda jarinsu maƙogwaro ne. Wanda ya shiga Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, ginin da aka yi a 1831 wanda ya zama fadar sarki har 1942 kafin a buɗe shi ga jama'a a 1958, zai ga ganguna a ajiye tare da masu da takubba. A bikin kamun kifi kuwa, wanda ake danganta farkonsa na zamani da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, makaɗa kan shiga jirgi su bi masunta cikin Matan Fada. Mutanen da suka san yadda ake fafe gora da sassaƙa ganga ba baƙi ba ne ga sirrin da ke cikin akwatin lasifika: rami rufaffe yana ƙara wa sauti jiki.

A 1925 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka fitar da irin sifikar da har yau ake amfani da ita: maganaɗisu, naɗin siririyar waya, da faifan takarda mai kai da kawowa. Sai dai tana da aibi. Idan faifan ya tura iska gaba, yana janye ta ta baya a lokaci guda, sai iskar gaban ta zagaya ta cike gurbin baya, kaurin sautin ya mutu. Shi ya sa sifika tsirara, komai girmanta, take kuka kamar sauro. Maganin shi ne a raba gabanta da bayanta, wato a sa ta a akwati. A 1932 Albert Thuras na Bell Labs ya sami rajistar wata dabara, a huda akwatin a bar masa ƙofa mai ƙayyadadden girma domin iskar ciki ta taya faifan aiki. Wanda ya taɓa hura bakin tulu ko ya ji amon shantu ya riga ya fahimci dabarar. Abin da ya shafi mai fenti a nan shi ne, ban da wannan ƙofa, duk wata ɓaraka da iska za ta tsiyaya ta cikinta hasara ce. Toshe ƙofofin katako da fila da fenti ba kwalliya ba ce kawai.

Akwatin magana na farko da Arewa ta sani na gwamnati ne. Turawan mulkin mallaka sun fara rarraba shirye-shiryen rediyo ta waya a Legas cikin shekarun 1930, Kano ta samu nata a 1944. Akwatin katako ne mai tasha ɗaya, mai shi yana biyan haya, ikonsa a kai bai wuce ya ƙara murya ko ya rage ba. An kuma kafa wasu lasifikan a wuraren taruwar jama'a, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008 kan Kano. Rediyoyin da suka shigo gidajen ma'aikata da attajirai a zamanin, kayan ɗaki ne: katako mai sheƙi, an shafe shi da banish har ana ganin zanen itacen. Daga nan aka gaji tunanin cewa akwatin sauti abin ado ne da ake shimfiɗa wa ƙyalle.

A waje kuwa wata halitta ce ta yi mulki, lasifikar ƙarfe mai buɗaɗɗen baki kamar kakaki. Ita ce ta majigi, ta taron NPC da NEPU, ta hasumiyar masallaci, kuma har gobe Ahuja ta Indiya da TOA ta Japan suna nan a kan rufin masallatai da motocin masu tallar magani. Ba ta tsoron rana ko ruwa. Amma magana kawai ta iya, kiɗa ba nata ba ne. Da kaset ya yawaita a shekarun 1970, mutane suka so su ji Gambu da Sani Ɗandawo da ƙarfin da ƙaramin rediyo ba zai bayar ba, kuma kaurin ganga ba ya fita ta bakin ƙarfe.

Abubuwa biyu suka tura aikin hannun kafinta. Na farko tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin Janar Babangida, wanda ya karya darajar naira ya mayar da kayan waje na masu hali. Shigo da sifika tsirara daga Alaba a Legas ko Sabon Gari a Kano, ko tsohuwa 'yar Kwatano, ya fi sauƙi nesa da shigo da cikakken akwati, tunda yawancin nauyinsa da girmansa katako ne da iska. Na biyu ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991. Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka tare, taruka da bukukuwa suka yawaita. Daga baya waƙoƙin finafinan Hausa da aka haɗa da fiyano suka mamaye gidajen biki, mai akwati da janareta ya fara cin kasuwar da a da ta makaɗa ce. Wannan canji ya taɓa abincin gidaje da yawa, kuma ba kowa ya yi murna da shi ba.

Katakon aikin filawud ne, mai ƙafa 4 da 8, kaurin milimita 12 ko 18. Nijeriya ta daɗe da sanin sa, domin masana'antar African Timber and Plywood da ke Sapele ta yi suna da shi tun kafin 'yancin kai. Daga baya MDF ya shigo, garin katako da aka matse da gam. Ya fi santsi, ya fi araha, ba ya amsa amo kamar siririn filawud, amma ruwa ajalinsa ne. Ya sha raɓa sau biyu uku, sai gefensa ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi.

Rigar akwatin ta sha sauyi. An yi yayin banish, an yi na fomeka mai zanen itace, irin ta kabad ɗin amarya. Sai kafet baƙi ko toka-toka ya zo, wanda masu akwati suka ƙaunata don dalili ɗaya: yana rufa asiri. Ko yankan ya karkace, ko kan ƙusa ya leƙo, a shafa gam a manna, magana ta ƙare. Matsalarsa a wannan ƙasa ita ce ƙura. Hunturu ɗaya ya isa ya mayar da baƙin kafet ja, kuma in ruwa ya taɓa shi yakan riƙe danshin ya shayar da katakon a hankali, ga wari. Zafin bazara kuma ya narkar da gam, kusurwoyi su ɗaɗɗago.

Fenti ba ya rufa wa kowa asiri, shi ya sa aikinsa ya fi tsawo. Ana fara nutsar da kawunan ƙusoshi, a cike ramuka da fila, ko da garin zarto da aka kwaɓa da farin gam. In ya bushe a bi da samfefa mai kaushi, lamba 80, a sauko 120, a ƙare da 220. Gefen MDF yana shan fenti kamar rairayi, don haka gwani yakan shafe shi da gam da aka tsinka da ruwa, ya bari ya bushe, ya sake gogewa kafin shafin farko. Mai gaggawa yana tsallake wannan, sai fuskar akwati ta yi sheƙi gefensa ya yi kirci. Ciki ma yana son shafi ko da ɗaya ne, saboda danshi. Ƙasan akwati ya fi ko'ina buƙata, domin shi ke zama a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa inda gara take jira, kuma shi aka fi mantawa tunda mai saye ba ya kifa akwati ya duba. Sifikar kanta ba a ɗaura ta sai an gama komai. Fenti a kan faifanta nauyi ne, nauyi kuwa yana sauya murya.

Yanayin kwarin Rima yana da ra'ayi a kan kowane irin fenti. Fentin mai yana son yini guda tsakanin shafi da shafi, kuma a hunturu wannan yinin ƙura ce ke cin ribarsa. Fentin mota da ake tsinkawa da tina, jikan Duco da kamfanin DuPont ya fitar a 1923, yana bushewa cikin mintuna, amma a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 yakan bushe a iska tun bai sauka a katako ba, ya bar fuska kamar an watsa gari. A watan Agusta kuma danshi kan shiga ƙarƙashinsa ya yi masa farin hazo. Shi ya sa mai hankali yake feshi da sassafe, ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Gurjin nan da ake gani a jikin akwatunan yanzu, wanda kamfanonin waje suke yi da roba mai tauri, a gida da dabara ake samun sa: a rage iskar kwamfaresa fentin ya fita ɗigo-ɗigo, ko a bi da rola mai kaushi. Yana ɓoye ƙarzuwa, kuma hannu mai gumi ba ya zamewa a kansa wajen lodi.

To me ya sa baƙi? A dandalin wasa na Turai da Amurka ana son akwati ya ɓace a duhu, idon 'yan kallo ya tsaya kan mawaƙi. Peavey da JBL da Yamaha sun zo mana a baƙi, baƙi ya zama shaidar na kamfani, har wasu suna manna tambarin waɗannan sunaye a kan aikin hannunsu. A ganina an yi asara sau biyu. Bikinmu da rana ake yin yawancinsa, a fili, kuma baƙi zafi yake tarawa a akwatin da naɗin wayarsa ke ƙuna da ma. Sannan mu ba mutanen da suka rasa launi ba ne. A dubi motocin katako masu zanen zaki da dawisu, a dubi zanen ƙwarya da daɓen bango. A Barankiya da Kartahena na ƙasar Kolombiya, manyan akwatunan kiɗa da suke kira piko zane ake cika su da shi, kowanne da sunansa da kirarinsa. A Kingston ta Jamaika, akwatunan da irin su Hedley Jones suka ƙera a shekarun 1950 sun zama abin alfahari har ana rubuta tarihinsu. Namu kafintan yana gama aiki mai kyau, sai ya sa masa sunan wani.

Akwai kuma abin da ya fi launi nauyi. Wurin aikin nan gida ne, inda ake girki, inda yara ke rarrafe. Tururin tina yana juya kai, yana kama wuta daga murhu ko tartsatsin janareta. Ƙurar MDF tana ɗauke da gam ɗin da aka matse shi da shi, kuma ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci ba ya tare tururi. Bincike ya sha gano dalma mai yawa a fentin mai da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya, musamman rawaya da ja. Maƙwabtan Zamfara ba sa buƙatar a gaya musu abin da dalma ke yi wa yaro, bayan abin da ya faru a 2010 lokacin da yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyukan da ake daka dutsen zinariya a cikin gidaje. Yawan ba ɗaya ba ne, hanyar ce ɗaya: ƙura ta sauka a tsakar gida, ta hau hannu, hannu ya shiga baki. Goge tsohon fenti da busasshen samfefa ya fi shafa sabo haɗari. In har za a koma ga launi, fentin ruwa ne ya dace, kuma a jiƙa samfefa kafin a taɓa tsohon akwati.

Yau kasuwar tana hannun wani baƙo, akwatin roba na Sin mai taya da batir da Bluetooth, wanda yaro zai ja da hannu ɗaya. Ga mai rake da mai tallar magani da ƙaramar walima, ya ci gari, kuma da gaskiyarsa: ba janareta, ba amfilifaya, ba waya. Abin da ya rage wa kafinta shi ne manyan akwatuna masu sifika inci 15 da 18, na filin biki da taron siyasa da wa'azi, inda roba ba ta da nauyin riƙe kaurin sauti. Na roba in ya tsage ya tafi bola. Na katako ana sake masa naɗin waya, a sauya gindin da gara ta ci, a yi masa sabon shafi gab da Sallah ko bayan kaka lokacin da aure ke yawa. Wanda ya kankare kusurwar irin wannan tsohon akwati da wuƙa zai iya tarar da baƙin fenti a sama, busasshen gam ɗin kafet a ƙarƙashinsa, can ƙasa kuma jan banish a kan filawud.