Daga Girka Zuwa Ruƙiyya: Tarihin Cutar Rabuwar Hali a Arewacin Zazzau

A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan an daɗe da sanin mutumin da kan yi magana da muryar da ba tasa ba, ya kira kansa da wani suna, sa'an nan ya farfaɗo bai tuna kome ba. 'Yan bori sukan ce iska ce ta hau shi, maganinsa girka. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya yaƙi wannan al'ada, malamai suka maye gurbinta da addu'a da ruƙiyya.

Likitoci kuwa sun ware wa wannan hali babi a kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980, suka sauya masa suna a 1994, kana a 2013 suka amince cewa yakan zo da kamannin shafar aljanu. Galibi tushensa azabar ƙuruciya ce, duka ko fyaɗe, maganinsa kuwa doguwar tattaunawa da ƙwararre.

Ahlus Sunna ba su musun shafar aljani. Ibn Taimiyya ya tabbatar da ita, har ya ambaci dukansa. Sai dai Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, ya riga ya nuna cewa rai ma yakan yi ciwo kamar jiki. Saboda haka mai ruƙiyyar da ya ɗaga bulala ba tare da tantancewa ba, mai yiwuwa azabar da ta haifi ciwon yake maimaitawa. Ya karanta Alƙur'ani, ya kuma tura majinyacin asibitin Shika ko na Barnawa. Allah ne mafi sani.