Allunan Bakin Hanya da Tafiyar Washington ta 1753: Wa Ya Aike Shi, Ƙasar Wa Ya Ratsa?

A garin Waterford da ke arewa maso yammacin jihar Pennsylvania ta Amurka akwai mutum-mutumin George Washington da aka kafa a 1922. Kayan da ke jikinsa na hafsan mulkin mallakar Birtaniya ne, ba na jagoran yaƙin neman 'yanci ba. Wannan maƙala na ganin cewa gaskiyar da tufafin nan suka faɗa ita ce allunan tarihi na bakin hanya suka fi saurin binnewa.

Ga yadda abin ya faru. Ranar 31 ga Oktoba, 1753, Robert Dinwiddie, mai riƙe da mulkin Virginia a madadin Sarki George na Biyu, ya tura Washington, yana ɗan shekara 21, da wasiƙa zuwa ga Faransawa cewa su fice daga yankin kogin Ohio. Ya isa sansaninsu na LeBoeuf, inda Waterford take a yau, ranar 11 ga Disamba. Kwamandan sansanin, Legardeur de Saint-Pierre, ya karɓe shi da mutunci, amma ya ƙi tashi. A hanyar dawowa an harbe shi aka kuskure, ya kuma faɗa kogin Allegheny mai ƙanƙara. Ya koma Williamsburg ta Virginia ranar 16 ga Janairu, 1754, aka buga rahoton tafiyarsa har a Landan.

Yau an jera alamomi a kan titunan da suka yi kusa da sawunsa, an kuma laƙaba wa hanyar sunansa. Al'adar ta daɗe: Virginia ta fara kafa allunan bakin hanya a 1927, Pennsylvania kuma ta soma nata masu launin shuɗi da ruwan zinariya a 1946, sun haura 2,000 a yanzu. An yi su ne don mai mota, saboda haka dole rubutun ya zama gajere. A nan matsalar take, domin layi huɗu ko biyar ba sa ɗaukar komai sai abin da mai rubutu ya zaɓa, kuma sunan da ya fi jan ido shi ake zaɓa. Matafiyi sai ya ɗauka uban ƙasa ne ya fito duba gadonsa, alhali a 1753 babu ƙasar Amurka, sai bayan shekara 23 aka ayyana ta. Ɗan aike ne na wata daula, kuma Dinwiddie da 'yan'uwan Washington suna da hannun jari a Kamfanin Ohio mai neman filayen yankin.

Abin da ya fi damuna shi ne masu masaukin. Turbar da ya bi daga Venango zuwa LeBoeuf tsohuwar hanya ce ta 'yan asalin ƙasar. A garin Logstown ya gana da Tanacharison, shugaba daga ƙabilar Seneca, wanda ya raka shi har sansanin, kuma rahoton Washington da kansa ya nuna cewa mutumin nan ya shaida wa Faransawa ƙasar ba tasu ba ce, ba kuma ta Turawan Ingila ba. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. Wannan raɓar ba ta bushe da hantsi ba. A 1779 Washington ne ya ba da umarnin farmakin Janar Sullivan, wanda ya ƙone garuruwan 'yan asalin ƙasar, Iroquois, kusan 40.

Wani zai ce allo ba littafi ba ne, kuma akwai waɗanda suka ambaci Logstown da turbar Venango. Haka ne, shi ya sa ba na goyon bayan a tumɓuke su. Da yawa ba za su san an yi tafiyar ba in ba don su ba. Sai dai ƙarancin wuri ba hujja ba ne, tunda sunan sarkin da ya yi aike da sunan mutanen da aka ratsa ƙasarsu ba za su ci fiye da layi biyu ba. Hukumar tarihi ta Pennsylvania ta soma bitar allunanta tun 2020. Ya kamata duk allon da ke ɗauke da sunan Washington a wannan hanya ya ɗauki na Tanacharison a gefensa.