Asalin Kalma: Muhalli

Kalmar muhalli ta fito ne daga Larabci, inda "mahall" ke nufin wurin da matafiyi ya sauka ya kwance kaya, kuma Hausawa sun daɗe suna kiran mazaunin mutum da ita, kamar a ce ambaliya ta raba jama'a da muhallansu. Daga baya ma'anarta ta faɗaɗa har ta ƙunshi ƙasa da ruwa da iskar da halittu ke rayuwa a cikinsu. A fagen nazarin muhalli da wannan ma'anar ne masana Edward Wilson da Robert MacArthur suka bayyana a 1967 cewa gwargwadon faɗin tsibiri, gwargwadon yawan jinsunan halittunsa, ƙa'idar da ta yi tasiri wajen tsara gandun daji.