3.4 Tarihin Nisan Tafiyar Jirgin Sama Tsakanin Dutse da Damagaram

Wannan fasali zai yi nazari a kan nisan da ke tsakanin filin jirgin sama na Dutse a Jihar Jigawa da na Damagaram a Jamhuriyar Nijar, tare da bayyana dalilan tarihi da suka hana wannan kusanci amfanar jama'a ta fuskar sufurin sama.

Idan aka auna a miƙe, wato yadda jirgi ke bi, tazarar filayen biyu ta ɗan haura kilomita 200. Jirgin da ke gudun kilomita 500 a awa ɗaya zai cinye ta cikin kimanin rabin awa. A da kuwa, fatake daga ƙasar Haɗeja, wadda Kafin Hausa ke cikinta, kwanaki suke yi da jakuna kafin su isa Damagaram.

Turawan mulkin mallaka ne suka raba wannan yanki gida biyu. Faransawa sun kama Damagaram a shekarar 1899, Ingilishi kuma suka ci Kano a 1903, sannan Haɗeja a 1906. Daga 1906 zuwa 1908 aka shata iyakar da ke nan har yau. Jiragen farko da suka sauka Kano a watan Nuwamba na 1925 na sojan Ingila ne, kuma daga Masar suka taso. A 1926 Faransawa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram zuwa Yamai. Saboda haka kowane ɓangare ya shimfiɗa hanyoyin jiragensa gwargwadon bukatar daularsa: na Kano suka fuskanci Hartum da Ikko da Landan, na Nijar kuma suka fuskanci Yamai da Faris.

Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, mazauna yankin sun ci gaba da dogaro da filin jirgin Kano, har zuwa 2014 lokacin da aka buɗe na Dutse a zamanin Gwamna Sule Lamiɗo. Babban aikin da aka san wannan fili da shi shi ne jigilar alhazai zuwa Saudiyya. 'Yan kasuwa kuwa mota suke bi ta Maigatari ko Ɓaɓura, domin dabbobi da hatsi ba kayan jirgi ba ne. Bugu da ƙari, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki ta kuma dakatar da jiragen kasuwanci, ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairu 2024.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa ba yawan kilomita ne ya nisanta waɗannan filaye ba. Abin da ya nisanta su shi ne tsarin da aka gada daga Turawa, da irin hajar da ake fatauci, da kuma siyasar kan iyaka.