Malamin da ya tafi neman littattafai, da birinsa

Yau za mu tafi nesa, ƙasar Sin.

A shekara ta 629, wani malamin addinin Buda mai suna Shuwanzang ya fita daga birnin Cang'an. Sarki ya hana mutane ƙetare iyaka, shi kuwa ya sulale a ɓoye. Littattafan addininsa yake nema, can ƙasar Indiya. Cikin hamada salkarsa ta zube, ya yi kwana huɗu bai sha ko ɗigo ba. Duk da haka bai koma ba. Sai a shekara ta 645 ya dawo gida da littattafai 657.

Daga nan labarinsa ya faɗa bakin masu ba da labari a kasuwa. Kun san halinsu, kowa sai ya ƙara gishiri. Suka ba malamin abokan tafiya, har da wani biri, Sun Wukon, mai sandar ƙarfe, mai rikiɗa iri 72. Ƙarshe dai biri ya fi malam suna!

An yi ɗaruruwan shekaru ana haka. A 1592 aka buga labarin cikakke, babi 100, da sunan "Tafiya Yamma". Ba da harshen manyan malamai aka rubuta shi ba, da maganar talakawa ne. Malaman lokacin suna raina irin wannan rubutu, littafin kuma ya fito babu sunan marubuci. Daga baya aka ce Wu Ceng'en ne ya rubuta shi. Yau yana cikin manyan littattafan hikaya guda huɗu na ƙasar Sin.